Ɗinkin da Ya Ƙi Warkewa: Muhawara Kan Ƙwayar Staf Mai Bijire wa Magani

Baban Sadiya, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai damuwar da ta hana ni barci kusan mako uku ke nan, kuma da yake na san muna da ma'aikatan lafiya a cikinmu, na ga ya dace in kawo ta nan. An yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa a wani asibiti a nan Jos, Allah ya sauke ta lafiya, aka sallame mu bayan kwana biyar. Kwananmu uku da komawa gida sai wurin ɗinkin ya kumbura, ya yi ja, ya fara fitar da mugunya, zazzaɓi kuma ya rufe ta. Muka koma, aka sake ba ta gado, aka yi kwana biyar ana yi mata allurar seftiriyazon safe da yamma, amma ciwon sai gaba yake yi. Daga baya ne aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji. A takardar da ta fito an rubuta Staphylococcus aureus, wato staf, a gabansa an sa MRSA, sannan ga jerin magunguna, mafi yawansu da harafin R a gefe, uku kaɗai ke da harafin S. Likita ya ce za a buɗe wurin a wanke, a kuma canza magani.

Tambayoyina su ne: daga ina ta samo wannan ƙwaya, asibitin ne ya sa mata ko daga gida ta je da ita? Me ya sa allurar da na kashe kuɗi mai yawa a kanta ba ta yi komai ba, ko jabu aka sayar mini? Sannan wani maƙwabcina ya ce staf ciwon sanyi ne da ake ɗauka ta kwanciyar aure, wai ni ma sai na sha magani. Ina roƙon masu sani su warware mini.

Malam Auwalu, ma'aikacin ɗakin gwaji, Gangare

Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. Allah ya ba uwargida lafiya, ya raya abin da aka samu. Irin takardar da ke hannunka ita ce aikina na yau da kullum, don haka bari in fara da ita. Idan aka kawo mana mugunya, muna shafa ta a kan wani faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, mu ajiye shi a ɗumi daidai da na jikin mutum ya kwana, mu ga abin da ya tsiro. Bayan mun gane ƙwayar sai mu sake shuka ta a wani farantin, mu jera ƙananan takardu a kai, kowace an jiƙa ta da magani daban. Maganin da ke da iko a kan ƙwayar yakan bar fili fetal a kewayensa, wanda ta fi ƙarfinsa kuwa sai ka tarar ta tsiro har gindinsa. Harafin S na nufin maganin yana cin ƙwayar, R kuma na nufin ta bijire masa. Wannan shuka da jiran tsiro ne ke sa sakamako ya ɗauki kwana biyu zuwa uku, ba jan ƙafa ba ne.

Ita ƙwayar kuwa ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hancinsa ko a fatarsa, musamman hammata da matsematsi, alhali lafiyarsa ƙalau. Ita ce ke haddasa mafi yawan maruru da ƙuraje masu ruwa da muke gani a yara. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a asibiti ana tsaga bangon nan kullum saboda larura: yankan tiyata, robar ƙarin ruwa da ake sokawa a jijiya, ƙarfen da ake sa wa mai karaya, ƙunar wuta. Idan ta shiga ta waɗannan ƙofofi tana iya tsayawa a miki, tana kuma iya kaiwa jini, ƙashi, huhu, har da zuciya.

MRSA shi ne nau'in da ya bijire wa wani magani mai suna metisilin. Abin da ya sa sunan ke da nauyi shi ne, duk wadda ta bijire wa metisilin ta bijire wa kusan dukan dangin penisilin da 'yan uwansu, wato Ampiclox, Augmentin, amoksisilin, har da seftiriyazon ɗin da aka yi wa uwargida. Saboda haka ba lallai ne allurarka jabu ce ba. Ko da ta fito daga kamfani mafi inganci, ba ta da abin da za ta yi wa wannan ƙwaya.

Alhaji Garba, mai kemis, Titin Bauchi

Allah ya sawwaƙe, Baban Sadiya. Ni a ganina maganar ba ta da tsawo. Matar nan ta shiga asibiti babu miki a jikinta, ta fito da miki mai mugunya. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa jinya ya ga yadda ake wanke ciwon mutum biyar a jere da tire guda, ya ga zanen gado da ake shimfiɗa wa sabon majinyaci tun gadon bai huce ba. Amma da an tashi maganar bijire wa magani, masu kemis ake fara nunawa da yatsa.

Hajiya Maman Aliyu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Rikkos

Alhaji, na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma ba zan musa abin da ka faɗa ba, domin na gani da idona. Babbar hanyar da wannan ƙwaya ke bi daga gado zuwa gado ita ce hannun ma'aikaci. Bayan hannu sai kayan aiki: abin auna jini da ake ɗaurawa a damtse, abin sauraron ƙirji, ƙarfen gado, labule, har da wayar da ke aljihunmu. Ƙwaya ce mai jure bushewa, tana iya yin makonni a kan irin waɗannan abubuwa tana jiran hannun da zai ɗauke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana lokuta biyar da ya wajaba ma'aikaci ya tsaftace hannu: kafin ya taɓa majinyaci, kafin ya yi aiki mai buƙatar tsafta kamar wankin ciwo, bayan ya taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan ya taɓa majinyaci, da kuma bayan ya taɓa kayan da ke kewaye da shi. Kowace nas ta haddace wannan tun tana makaranta.

Sai dai ina so ka yi tunanin daren da nas guda ke riƙe da ɗaki mai gado fiye da ashirin, famfo ya ƙafe tun la'asar, ruwan da ke akwai na cikin bokiti ne da moɗa guda, safar hannu kuma sai dangin majinyaci sun sayo. Na yi irin waɗannan darare ba adadi, kuma har yau idan na tuna wasu mata da ɗinkinsu ya ɓalle a hannunmu, zuciyata ba ta samun natsuwa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a lokacin Ebola a 2014 da lokacin korona a 2020 babu ƙofar da ba a ajiye bokiti mai famfo da sabulu ba, mun nuna ke nan za mu iya. Da annobar ta lafa sai muka kwashe bokitan.

Duk da haka, Alhaji, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannun da bai wanku ba shi ke kai ƙwayar miki, gaskiya ne, amma ba shi ya koya mata bijire wa magani ba. Wannan darasi a waje take ɗaukarsa, wurin mai mura da aka sayar wa kafso huɗu, da mai jego da ake ba Ampiclox wai don wanke ciki, da mai gyambo da ke fasa kafso yana barbaɗa garin a kai. Kuma kada mu yanke wa asibitin hukunci kai tsaye, domin sau da yawa ƙwayar da ke shiga yankan tiyata daga fatar majinyacin kansa take fitowa. Babu wanda zai iya rantsewa a kan hanyar da ta bi a jikin Maman Sadiya.

Alhaji Garba

Hajiya, na karɓi gyara, kuma ban ce hannunmu a wanke yake ba. Amma a dubi wanda ke tsayawa a gaban kantata. Mutum ne da ya wuni yana tura baro a Kasuwar Katako, ɗansa na zazzaɓi, kuɗin da ke hannunsa ba zai yanki kati ba balle gwaji. Idan na ce masa ya kawo takardar likita, ba asibiti zai tafi ba, kanti na gaba zai shiga, ko ya tari mai tallan magani a tire da ya wuni a rana. Sannan takardun likitoci da ke zuwa hannuna ma ina karanta su. Da wuya ka ga wadda babu seftiriyazon ko sifrofuloksasin a ciki, ko da an rubuta zazzaɓin cizon sauro ne.

Dakta Zainab, likita, Farin Gada

Assalamu alaikum. Maganar Alhaji ta ƙarshe ta taɓa mu, kuma gaskiya ce. Mu likitoci muna rubuta waɗannan magunguna fiye da kima, wani lokaci don tsoron kada majinyaci ya dawo da abin da ya fi haka, wani lokaci don gwaji ya yi tsada ko ya yi nisa, wani lokaci kuma don majinyacin da aka sallama ba allura yakan ɗauka ba a duba shi ba. A tiyatar haihuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne a ba da maganin kariya sau ɗaya, jim kaɗan kafin a yi yanka. Amma an saba a ci gaba da shi kwanaki bayan tiyata, alhali hakan ba ya ƙara kariya, sai dai ya kashe ƙwayoyi masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili.

Wannan shi ne asalin lamarin, kuma ina so a gyara wata fahimta da ta yaɗu. Ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar ce ke canzawa. Manoman lambu sun san haka a gonakinsu: idan kana fesa maganin ƙwari iri ɗaya kowace shekara, 'yan kaɗan da suka tsira su ne za su hayayyafa, bayan wani lokaci sai ka ga feshin ya zama kamar wanka a gare su. Ƙwayar staf kuwa, idan ta samu yanayi mai kyau, tana iya rabuwa biyu cikin kusan rabin awa, don haka abin da ƙwari za su yi a shekaru ita a kwanaki take yinsa. Shi ya sa wanda bai taɓa shan kafso ba a rayuwarsa yana iya kamuwa da MRSA, domin a jikin wasu ta yi karatunta kafin ta iso gare shi.

Yadda take tsira kuwa abin mamaki ne. Kowace ƙwaya tana da katanga da ke riƙe da ita, tana kuma da maginan da ke gina katangar. Penisilin da danginsa suna aiki ne ta hanyar ɗaure hannun maginan, katangar ta rushe, ƙwayar ta fashe. MRSA ta samo wani ƙwayar gado da ake kira mecA, wanda ke samar mata da wani magini na daban da maganin ba ya iya kama hannunsa sosai. Ana ɗaure sauran, shi yana ci gaba da gini.

Tarihin ma yana da darasi. Wani likitan tiyata a Abadin ta Sukotland, Alexander Ogston, shi ya bayyana wannan ƙwaya a cikin mugunya a 1880. A 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, a kan farantin staf ne Alexander Fleming ya lura cewa wata funfuna ta hana ƙwayar tsiro a kewayenta, daga nan aka samu penisilin. Shi da kansa, a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai kima ba zai koya wa ƙwayoyi bijirewa. Kafin shekarun 1950 su ƙare, staf mai karya penisilin ta cika asibitocin Turai da Amurka. Aka fito da metisilin wajen 1960 don magance ta, a 1961 kuma aka ba da rahoton ƙwayar da ta bijire masa a Ingila. Daga nan aka jingina da bankomaisin, shi ma a 2002 aka samu staf da ta bijire masa gaba ɗaya a jihar Mishigan ta Amurka, ko da yake irin wannan har yanzu ba ta da yawa.

Kada kuma a ɗauka matsalar Turawa ce. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, MRSA kaɗai ta ɗauki fiye da 100,000 daga ciki. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, da kusan mutum 27 cikin kowane 100,000.

Baban Sadiya, ka kwantar da hankalinka gwargwadon iko. MRSA tana da magani, haruffan S ukun nan su ne hanya. Buɗe wurin a fitar da mugunya da likitanku ya ce za a yi shi ne rabin maganin, domin ƙwaya ko allura ba ta ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Idan aka sa mata bankomaisin za ka ga ana ba da shi a hankali ta ƙarin ruwa, ana kuma duba ƙodarta, kada hakan ya tsorata ka. Ka tabbata dai likitan ya san tana shayarwa, kuma kada a ƙara mata wani magani daga waje, na kanti ko na gargajiya, ba da saninsa ba.

Anti Rabi, Nasarawa

Dakta, Allah ya saka da alheri. Ni tambayar Baban Sadiya ta ƙarshe ce ta fi damuna, kuma ban ga an amsa ba. Ƙanwata shekararta huɗu da aure ba haihuwa. Ta yi gwaji a wani ɗakin gwaji na kuɗi aka rubuta mata cewa staf ta yi yawa, tun daga lokacin take cikin allurai da kafso, ita da mijinta, ga kuma jarkokin maganin sanyi da ake tallatawa da lasifika a tasha. Duk bayan wata uku ta koma gwaji, a sake cewa tana nan. Shin wannan staf ɗin ita ce ta asibiti da kuke magana a kai?

Malam Auwalu

Anti Rabi, wannan tambaya ta fi duk wadda aka yi muhimmanci a wurina, domin a ɓangarenmu ɓarnar take farawa. Sunan ƙwayar ɗaya ne, amma labarin da aka gina a kanta a tasha ba shi da tushe. Staphylococcus aureus ba ta cikin cututtukan da likitoci ke lissafawa a matsayin na kwanciyar aure, irin su ciwon sanyi na ainihi wanda wata ƙwaya daban ke haddasawa, ko tunjere. Tun da na ce tana zaune a fatar mutane da yawa, to idan aka ɗebi fitsari ko maniyyi ko ruwan gaban mace ba tare da kiyaye tsafta ba, ƙwayar fata na iya faɗawa ciki, ta tsiro a faranti, a rubuta ta a takarda kamar ita ce cutar. Wani lokaci ma ba ita ba ce, wata 'yar uwarta ce marar lahani da ba a yi gwajin bambance su ba. Shi ya sa duk lokacin da ƙanwarki ta koma za a sake samun ta, kamar mai share yashi ne a bakin rafi.

Illar kuwa biyu ce. Ta farko, an ɓata shekaru ba a binciki ainihin dalilin rashin haihuwar ba, wanda yana iya kasancewa daga ita ko daga mijin, kuma likitan mata ne ya kamata ya duba su tare. Ta biyu, watannin da suka yi suna shan magungunan nan sun zama horo ga ƙwayoyin da ke jikinsu, ta yadda ranar da Allah ya ba ta ciki aka kuma buƙaci tiyata, tana iya shiga ɗakin tiyata da ƙwayar da ta riga ta bijire. Baban Sadiya, kai ma amsarka ke nan: matuƙar ba ka da maruru ko miki, babu dalilin da zai sa ka sha komai.

Malam Idi, mai kiwon kaji, Bukuru

Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma jikina ya yi sanyi. Mu masu kaji, daga ranar da muka kawo 'yan tsaki muke zuba musu magani a ruwan sha, mafi yawa dangin tetirasaikilin, ko suna ciwo ko ba sa yi, saboda asarar keji guda tana iya durƙusar da mutum. A jikin leda an rubuta kwanakin da za a jira bayan an daina ba da magani kafin a sayar da ƙwai ko nama, amma gaskiya ba kowa ke jira ba, domin kaza ba ta daina ƙwai don kana jira. Shin wannan ma yana da hannu a abin da ya sami matar Baban Sadiya?

Dakta Zainab

Malam Idi, ba zan ce kajinka ne suka jawo ciwon Maman Sadiya ba, amma rijiya ɗaya muke sha. Dangin magungunan da kuke zubawa a ruwan kaji su ne muke ba mutane, har ma ɗaya daga cikinsu, doksisaikilin, yana cikin 'yan kaɗan da kan yi aiki a kan wasu nau'o'in MRSA. A ƙasar Holan, a farkon shekarun 2000, an gano wani nau'in MRSA a jikin aladu da masu kiwonsu, wanda ya nuna ƙwayar na tsallakawa tsakanin dabba da mutum. Ku kuwa kuna da gata, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom kusa da ku, ga likitocin dabbobi a gari. Allurar rigakafi a kan lokaci, tsaftar keji da rage cunkoso suna rage buƙatar maganin sosai.

Malam Sabo, malamin makaranta, Dilimi

Na ƙaru ƙwarai, amma ina da ja a kan inda muhawarar ta karkata. Kowa yana lissafa laifin talaka: ya sha kafso huɗu, ya saurari mai lasifika, ya zuba wa kaji magani. Ni kuwa ina ganin wanda ba shi da zaɓi ba a cika ɗora masa laifi ba. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da bijire wa magani na 2017 zuwa 2022, aka kuma sake fitar da na biyu a 2024. A watan Satumba na 2024 shugabannin duniya sun yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon wayar da kai. Duk wannan yana da kyau, amma ɗakin da Hajiya ta kwatanta, mai bokiti da moɗa guda, takarda ba ta kai masa ruwa. Idan gwajin da Malam Auwalu ke yi ya fi kuɗin allura tsada, kowa allura zai zaɓa, har da likita.

Hajiya Maman Aliyu

Malam Sabo, na yarda da kai a kan ruwa da kuɗin gwaji, kuma ina ganin a nan ya kamata masu hannu da shuni da ƙungiyoyinmu na unguwa su sa ido. Muna tara kuɗi mu kai wa majinyata abinci da sabulu a watan azumi, abu ne mai lada, amma tankin ruwa guda ko katan na man goge hannu a ɗakin masu haihuwa zai amfani matan da ba za mu taɓa sanin sunayensu ba. Man goge hannun nan ma ba sai an shigo da shi daga waje ba, sashen haɗa magunguna na asibiti yana iya haɗa shi, kuma daƙiƙa 20 zuwa 30 ya isa a goge hannu da shi idan babu datti a bayyane. Ingila ta taɓa fama da MRSA sosai, ta wajabta wa asibitoci bayyana adadin masu kamuwa da ita a jini tun 2001, ta dage kan tsaftar hannu, adadin kuma ya faɗi ƙwarai. Ba sabon magani ne ya yi musu aikin ba.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa talaka ba shi da abin yi. Akwai maganar dubiya, wadda na san ba a son a taɓa. Dubiya sunna ce kuma haƙƙi ne, ban ce a bari ba. Amma mai ɗinki a ciki, a cika mata gado da mutum goma, wannan ta zauna a kan zanenta, waccan ta ɗaga bandeji ta ga yadda wurin yake, a karɓi jariri hannu zuwa hannu ba wanda ya wanke, wannan ba ya cikin abin da aka umarce mu. Mu da muke alwala sau biyar a rana bai kamata wanke hannu da sabulu kafin ɗaukar jariri ya zama abin jin nauyi a wurinmu ba. Haka kuma ɗan uwan majinyaci yana da damar ya roƙi ma'aikaci, cikin ladabi, ya canza safar hannu kafin ya taɓa ciwo. An taɓa faɗa mini haka ina bakin aiki, na ji zafi a ranar, amma matar ta fi ni gaskiya.

Alhaji Garba

Hajiya, ni ma zan ɗauki nawa. Daga yau mai mura ba zai samu kafso a kantina ba, kuma na daina yanka katin magani ina sayar da rabi. Ban san yadda maƙwabtana za su yi ba, amma zan kai maganar taronmu na masu kemis na wata mai zuwa.

Baban Sadiya

Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Shekaranjiya aka buɗe wurin aka wanke, mugunyar da ta fita ta ba ni tsoro, aka kuma fara sabon maganin daga cikin masu harafin S. Tun jiya da dare zazzaɓin ya sauka, yau ta ci abinci da kanta. An mayar da ita gadon ƙarshe kusa da taga, an ware mata abin auna jini nata ita kaɗai, an ce ba za a sake ɗinke wurin ba sai ya yi tsabta daga ciki. Na sayo sabulu da man goge hannu na ajiye a gefen gado, na kuma roƙi 'yan uwa su riƙa shigowa bibbiyu. Abin da ya rage mini shi ne jaririyar, da kuma surukata da ta matsa a fara wankan jego da zarar an sallame mu. Hajiya, me za ki ce?

Hajiya Maman Aliyu

Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Ta ci gaba da shayarwa matuƙar likita bai hana ba, ta wanke hannu kafin ta ɗauki yarinyar da kuma bayan ta taɓa bandeji, mikin kuma ya kasance a rufe koyaushe. Tawul ɗinta da zanenta kada kowa ya yi amfani da su, a wanke da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana. Ku riƙa duba cibiyar yarinyar da fatarta kullum. Idan kuka ga cibiya ta yi ja ko tana wari, ko ƙuraje masu ruwa, ko ta ƙi kama nono, ko jikinta ya yi zafi, a kai ta asibiti a ranar, ku kuma gaya musu abin da aka samu a jikin uwar. Ita ma idan nono ya yi tauri ya yi ja yana ciwo, ta faɗa da wuri.

Wankan jego kuwa, ruwa mai tafasa da fyaɗa ganye a kan cikin da ke da buɗaɗɗen miki ba zai yiwu ba, sai wurin ya rufe sarai kuma likita ya amince. Kafin nan ta riƙa goge jiki da ruwan ɗumi ba tare da jiƙa bandejin ba. Na san ba kai ne za ka iya faɗa wa surukarka wannan ba. Ka zo da ita asibiti gobe lokacin wankin ciwo, ka roƙi babbar nas ta ɗakin ta nuna mata wurin da idonta, ta yi mata bayani mace da mace.